Yadda ake karɓar kiran manhaja a ƙofar kanel: rajistoci da umarnin syscall a x86-64

Duk ranar Asabar bayan la'asar mukan taru mu biyar ko shida a wani ɗaki a Aboabo, nan Kumasi, kowa da laftof ɗinsa da kofin ataya. Yawancin yaran ɗalibai ne a jami'ar KNUST, ɗaya kuma mai gyaran waya ne a Adum. Kowannensu yana gina ƙaramin kanel nasa daga tushe, wato zuciyar tsarin aikin kwamfuta da ke tsakanin manhajoji da injin. Kwanan baya ƙaraminmu ya juyo mini da allonsa ya ce, "Yaya, kanel ɗina yana tashi lafiya, har rubutu yana yi a allo, amma da zarar manhajata ta kira syscall sai injin ya mutu ya sake tashi." Na tambaye shi, "A daidai lokacin da firosesa ta faɗo ƙofarka, sitak ɗin da rsp ke nunawa na wane ne?" Ya yi shiru.

Wannan tambayar ita ce aikin gaba ɗaya. Rajista ƙaramar ma'ajiyar lamba ce a cikin firosesa, sitak kuma wurin memori ne da ake jibge bayanan wucin gadi, rajistar rsp ce ke nuna samansa. A kowane layi na ƙofar kanel dole ka iya faɗin mai kowace rajista: ta manhaja ce da aka ba ka amana, ko taka ce da za ka iya ɓatawa, ko firosesa ta riga ta karɓe ta don kanta. Ka ɗauko takarda da biro kafin ka ci gaba. Ina nufin takarda ta gaske, domin za ka riƙa rubuta wannan lissafin layi bayan layi.

Kayan aikin ba su da yawa: kwamfuta mai Linux na bit 64, sai nasm, ld, gdb, strace da QEMU. Duk kyauta ne, kuma tsohuwar laftof ta wadatar.

Mataki na farko: tsaya a wajen taga tukuna

Ka tuna da kiyos ɗin momo, na tura kuɗi ta waya, a bakin kasuwar Kejetia. Ba ka shiga ciki ka buɗe akwatin kuɗin da hannunka. Ka tsaya a taga, ka faɗi abin da kake so, ka miƙa lamba, mai kiyos ya yi aikin ya miƙo maka sakamako. Haka manhaja take a zobe na 3, matakin da ya fi ƙarancin iko a firosesa, kanel kuma yana ciki a zobe na 0, mai cikakken iko. Umarnin syscall shi ne tagar. Kafin ka gina tagarka, fara koyon tsayuwa a ta Linux.

```
section .data
sako   db "Sannu da zuwa Kumasi", 10
tsawo  equ $ - sako

section .text
global _start
_start:
    mov rax, 1             ; lambar write
    mov rdi, 1             ; allo
    lea rsi, [rel sako]    ; inda saƙon yake
    mov rdx, tsawo         ; yawan bait
    syscall
    mov rax, 60            ; lambar exit
    xor rdi, rdi
    syscall
```

Ajiye shi da suna sannu.asm, ka haɗa shi da `nasm -f elf64 sannu.asm`, sannan `ld sannu.o -o sannu`. Gudanar da shi ta `strace ./sannu`. Za ka ga write ya karɓi bait 21 ya kuma dawo da 21.

Yanzu ka ɓata shi da gangan. Mayar da 1 ɗin rdi zuwa 99. Kanel zai dawo da -9 a cikin rax, wato EBADF, babu buɗaɗɗen fayil mai wannan lamba. Mayar da rax zuwa 9999, za ka samu -38, wato ENOSYS, babu irin wannan kiran. Ƙa'idar Linux ita ce duk abin da ya dawo tsakanin -4095 da -1 kuskure ne. Laburaren C ne ke juya shi ya zuba a errno, kanel bai san wani errno ba.

Gwaji na uku ya fi sauran muhimmanci. Sa `mov rcx, 0x1234` da `mov r11, 0x5678` kafin syscall na farko, ka buɗe da gdb, ka bi da `starti` da `si` har ka tsallake umarnin, sannan ka rubuta `info registers rcx r11 rip`. Lambobinka sun ɓace. A rcx za ka tarar da adireshin umarnin da ke bin syscall, a r11 kuma tutocin firosesa. Rubuta wannan a takardarka da manyan baƙi.

Mataki na biyu: yarjejeniyoyi biyu ne, kuma sun saɓa a wuri ɗaya

Idan fankshin na C ya kira wani a Linux, ana bin yarjejeniyar System V ta AMD64. Saƙonni shida na farko suna tafiya a rdi, rsi, rdx, rcx, r8, r9, amsa ta dawo a rax. Wanda aka kira dole ya mayar da rbx, rbp da r12 zuwa r15 yadda ya same su, tare da rsp. Sauran kuwa, wato rax, rcx, rdx, rsi, rdi da r8 zuwa r11, yana da damar ya yi yadda ya ga dama da su.

Yarjejeniyar kiran kanel ta kusan zama ɗaya da wannan: lambar kira a rax, saƙonni a rdi, rsi, rdx, r10, r8, r9. Dubi na huɗu. A can rcx ne, a nan r10. Dalilin ka riga ka gan shi da idonka a gdb: firosesa tana zuba adireshin komawa a rcx kafin kanel ya samu damar karanta komai, don haka ba yadda saƙo zai tsira a cikinta. Ko a Windows, inda saƙon farko ke tafiya a rcx, 'yar ƙofar kiran nasu tana farawa ne da kwafe rcx zuwa r10, saboda firosesar ɗaya ce.

Wannan saɓanin yana da wayo wajen ɓuya. Kiran read da write da open duk saƙonni uku ne, ba za su taɓa nuna maka kuskuren ba. Sai ran da ka zo kan pread64 mai saƙonni huɗu, ko mmap mai shida, sannan ka ga kanel ɗinka yana ɗaukar adireshin komawa a matsayin saƙo.

Akwai bambanci na biyu da ake mantawa. Linux ya yi wa manhaja alkawarin cewa ban da rax, rcx da r11, duk rajistocinta za su dawo mata yadda ta bar su. Fankshin na C bai yi wannan alkawarin a kan rdi, rsi, rdx, r8, r9 da r10 ba. To wa zai cike gurbin? Kai ne, a asembili.

Idan ka ci karo da tsohon darasi mai amfani da `int 0x80`, ka sani na bit 32 ne: lamba a eax, saƙonni a ebx, ecx, edx, esi, edi, ebp, kuma lambobin ma daban suke, write 4 ne, exit 1. Kada ka haɗa teburin biyu.

Mataki na uku: jera GDT yadda sysret ke so

Daga nan na ɗauka kanel ɗinka ya riga ya shiga yanayin bit 64, yana da teburin shafukan memori, da IDT (teburin masu karɓar katsewa, wato interrupt), da TSS (inda firosesa ke samun sitak ɗin kanel). GDT kuma shi ne teburin yankuna, wanda rajistocin CS na umarni da SS na sitak ke nunawa cikinsa.

Umarnin syscall da abokin komawarsa sysret ba sa tambayarka wane yanki kake so, lissafi suke yi daga rajistar STAR. Wajen shiga, CS shi ne abin da ke bit 32 zuwa 47, SS kuma wannan da ƙarin 8. Wajen komawa manhajar bit 64, ana ɗaukar abin da ke bit 48 zuwa 63, SS ya zama da ƙarin 8, CS da ƙarin 16. Saboda haka tun ran gini ran zane: yankin bayanan manhaja dole ya zo kafin yankin umarninta, akasin yadda na kanel suke. Jerin da nake ba yaran shi ne 0x00 fanko, 0x08 umarnin kanel, 0x10 bayanan kanel, 0x18 gurbin umarnin manhajar bit 32 ko da ba za ka yi amfani da shi ba, 0x20 bayanan manhaja, 0x28 umarnin manhajar bit 64. TSS ya biyo baya.

Mataki na huɗu: gaya wa firosesa inda ƙofar take

Rajistocin MSR huɗu za ka rubuta, wato rajistocin saitin firosesa na musamman. Umarnin wrmsr yana karɓar lambar rajista a ecx, ƙimar kuma a rabe, rabin sama a edx, rabin ƙasa a eax.

```
kunna_syscall:
    mov ecx, 0xC0000080    ; EFER
    rdmsr
    or eax, 1              ; kunna SCE
    wrmsr

    mov ecx, 0xC0000081    ; STAR
    xor eax, eax
    mov edx, 0x001B0008
    wrmsr

    mov ecx, 0xC0000082    ; LSTAR
    lea rax, [rel kofar_kira]
    mov rdx, rax
    shr rdx, 32
    wrmsr

    mov ecx, 0xC0000084    ; SFMASK
    mov eax, 0x40700
    xor edx, edx
    wrmsr
    ret
```

EFER sai ka karanta tukuna sannan ka ƙara bit ɗaya, SCE mai kunna syscall, domin a cikinta bit ɗin da ke riƙe da yanayin 64 yake. A STAR, 0x1B shi ne 0x18 da alamar zobe na 3, don haka manhaja za ta koma da SS 0x23 da CS 0x2B.

Ka tsaya a kan SFMASK. Duk bit ɗin da ka kunna a cikinta, firosesa za ta kashe shi a tutoci lokacin shiga. Lambar 0x40700 ta ƙunshi huɗu. 0x200 ita ce IF, mai barin katsewa ta shigo, kuma ita ce mafi girma: idan agogo ya buga kana zobe na 0 amma rsp na manhaja ne, firosesa za ta zuba bayananta a inda manhaja ta zaɓa. 0x400 ita ce DF, mai juya alkiblar umarnin kwafe-kwafe irin su movs. Yarjejeniyar C ta ɗauka a kashe take, manhaja kuwa tana iya kunna ta da std ta shigo maka da ita, sai memcpy naka ya riƙa tafiya da baya yana take abin da ba nasa ba. 0x100 ita ce TF ta bin umarni ɗaya-ɗaya. 0x40000 ita ce AC, wadda idan tana kunne take ɗage kariyar SMAP, kariyar da ke hana kanel taɓa memorin manhaja bisa kuskure.

Saura abu ɗaya. Ware wa kowace firosesa ɗan wuri mai bait 16: takwas na farko su riƙe saman sitak ɗin kanel, takwas na biyu su zama wurin ajiyar wucin gadi. Rubuta adireshin wurin a MSR mai lamba 0xC0000102, wato KERNEL_GS_BASE.

Mataki na biyar: ƙofar kanta

Ga duk abin da firosesa ke yi maka idan manhaja ta kira syscall: ta ajiye rip a rcx, ta ajiye tutoci a r11, ta kashe bit ɗin SFMASK, ta sauya CS da SS, ta yi tsalle zuwa LSTAR. Shi ke nan. Ba ta sauya sitak. Katsewa daga zobe na 3 tana ɗauko RSP0 daga TSS da kanta, syscall ba ya duba TSS ko kaɗan. Abin da ya kashe injin ƙanin namu ke nan: layinsa na farko `push` ne, a kan sitak ɗin baƙo.

Matsalar tana da tsauri fiye da yadda take a ido. Kana son ajiye rsp, amma ba ka da sitak, kuma ba ka da rajista ko ɗaya da babu kayan wani a ciki. Don wannan lungun aka ƙirƙiri swapgs. Yana musanya tushen GS da abin da ka ajiye a KERNEL_GS_BASE, ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin rajistocin aiki.

```
kofar_kira:
    swapgs
    mov [gs:8], rsp        ; ajiye sitak ɗin manhaja
    mov rsp, [gs:0]        ; hau na kanel

    push qword [gs:8]
    push r11
    push rcx
    push rdi
    push rsi
    push rdx
    push r10
    push r8
    push r9
    push rax               ; lambar kira

    cmp rax, ADADIN_KIRA
    jae .babu
    mov rcx, r10           ; saƙo na huɗu ya koma gurbin C
    lea r11, [rel teburin_kira]
    sti
    call [r11 + rax*8]
    cli
    jmp .koma
.babu:
    mov rax, -38
.koma:
    add rsp, 8
    pop r9
    pop r8
    pop r10
    pop rdx
    pop rsi
    pop rdi
    pop rcx
    mov r11, rcx
    shr r11, 47
    jnz .adireshi_mara_kyau
    pop r11
    pop rsp
    swapgs
    o64 sysret
```

Bi shi da takardarka a hannu.

Layin `push qword [gs:8]` yana kwashe rsp na manhaja daga wurin wucin gadi zuwa sitak ɗin kanel, kuma dole ya faru kafin sti, umarnin da ke buɗe wa katsewa hanya (cli ke rufe ta). Wurin nan na firosesa ne, ba na manhajar ba. Da zarar ka bar katsewa ta shigo, ana iya sauke wannan manhajar a ɗora wata, ita ma ta kira syscall ta rubuta nata a wurin. Idan ba ka kwashe naka ba, manhajar farko za ta farka a kan sitak ɗin ta biyu. Daga nan ka gane cewa kowane zaren aiki yana buƙatar sitak ɗin kanel nasa, kuma duk lokacin da ka sauya zare sai ka sabunta [gs:0] da RSP0 na TSS tare.

Ƙirga push ɗin: goma ne, bait 80, kuma 80 tana rabuwa da 16. Da gangan ne. Yarjejeniyar System V ta ce rsp ya kasance ninkin 16 kafin call. Idan saman sitak ɗinka ninkin 16 ne, lissafin ya fita. Duk ran da ka ƙara push ɗaya ko ka rage, sake ƙirgawa.

Ban ajiye rbx, rbp da r12 zuwa r15 ba, saboda fankshin na C zai kiyaye su da kansa. Wannan ya isa a farko. Ran da ka zo rubuta fork ko sigina, za ka buƙaci cikakken hoton manhaja a wuri ɗaya, sai ka tura su duka. Haka Linux ke yi a entry_SYSCALL_64 cikin fayil ɗin arch/x86/entry/entry_64.S: yana jera komai a tsarin pt_regs, ya miƙa wa do_syscall_64. Bayan ka gama rubuta taka ƙofar, je ka karanta tasu. Za ka gane kusan kowane layi na farkonta.

Dubi `jae` da kyau. Na zaɓe shi a kan `jge` ne saboda yana ɗaukar lamba ba tare da alamar ragi ba. Manhajar da ta sa -1 a rax za ta wuce gwajin jge, ta sa ka karanta bait takwas da ke kafin farkon teburinka ka yi tsalle zuwa duk abin da ke wurin. A wajen jae kuwa -1 babbar lamba ce ƙwarai, sai a kore ta.

Tutocin kompaila, kada ka tsallake

Fankshin ɗin da teburin ke nunawa C ne, kuma kompaila bai san kanel yake haɗawa ba sai ka gaya masa. Ba shi `-ffreestanding`, `-mno-red-zone` da `-mgeneral-regs-only`. Na ƙarshen yana hana shi taɓa rajistocin xmm, waɗanda ba ka ajiye wa manhaja ba.

Na tsakiyan ya taɓa cinye mini dare uku, a lokacin da wuta ke ɗaukewa kusan kullum ina aiki da ragowar batir. Yarjejeniyar System V ta ba fankshin damar ajiye kaya a bait 128 da ke ƙasan rsp ba tare da ya motsa rsp ba. A manhaja babu laifi, domin katsewa tana sauka ne a sitak ɗin kanel. A cikin kanel kuwa katsewa tana sauka a sitak ɗin da kake kai, daidai kan waɗannan bait ɗin. Kanel ɗina yana aiki sumul har ranar da na kunna agogo, daga nan lambobi suka fara sauyawa jefi-jefi ba tare da injin ya faɗi ba. Kuskuren da ba ya kayar da inji ya fi wanda ke kayarwa wahalar kamawa, shi ya sa nake sa yaran rubuta wannan tutar tun ranar farko.

Mataki na shida: duk abin da ya shigo ta taga, bincika shi

Mai kiyos ba ya tura kuɗi don kawai ka ce ka biya. Idan manhaja ta kira write, rsi adireshi ne da ta zaɓa, rdx tsawo ne da ta zaɓa. Tana iya ba ka adireshin cikin kanel ta ce ka buga mata shi a allo, kai kuma kana da ikon karantawa. Kafin ka taɓa bait ɗaya, tabbatar da abu biyu: jimlar adireshi da tsawo ba ta zagaye ta koma ƙaramar lamba ba, kuma ƙarshen yana ƙasa da 0x0000800000000000. Idan ya faɗi, dawo da -14, wato EFAULT. Sannan ka kwafo bayanan zuwa memorin kanel sau ɗaya, ka yi aiki da kwafin. In ka duba a wurin manhaja sannan ka dawo ka sake karantawa, wani zarenta yana iya sauya shi a tsakani. Idan ka kunna SMAP, stac kafin kwafin, clac nan take bayansa.

Mataki na bakwai: komawa, inda manya ma suka yi tuntuɓe

Umarnin sysret yana mayar da rip daga rcx, tutoci daga r11. Shi ma ba ya taɓa rsp, shi ya sa `pop rsp` ya zo kafinsa, shi ya sa kuma cli ya zo tun da wuri: daga `pop rsp` zuwa sysret kana zobe na 0 a kan sitak ɗin baƙo karo na biyu.

Layuka uku masu `shr r11, 47` suna da tarihi. A tsarin adireshi mai bit 48, adireshi halastacce shi ne wanda bit 47 zuwa 63 duk iri ɗaya ne. Idan rcx ba halastacce ba ne, firosesar Intel tana tayar da kuskuren #GP tun tana zobe na 0, bayan ka riga ka ɗora rsp na manhaja. A ta AMD kuskuren yana tashi ne bayan an isa zobe na 3. A 2012 aka bayyana wannan ramin da lamba CVE-2012-0217, ya kuma shafi Xen, FreeBSD, NetBSD da Windows 7 na bit 64. Manhaja mara gata tana iya zama mai gida ta hanyarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar nan kuwa faɗin umarni ɗaya ce. Ta yaya rcx zai lalace? Ko ta hanyar kiran da ke sauya wurin komawa, irin na dawowa daga sigina, ko ta sa syscall a bait biyu na ƙarshen yankin manhaja, yadda adireshin da ke binsa zai faɗa 0x0000800000000000. Kada ka taɓa ba manhaja shafin ƙarshen nan. A `.adireshi_mara_kyau` kuma kana nan kan sitak ɗinka, don haka mafi sauƙi ga ƙaramin kanel shi ne ya kashe manhajar. Linux yakan koma ta iretq duk lokacin da yanayin bai dace da sysret ba.

Ko cli ba ya tsayar da NMI, katsewar da ba a iya toshewa. Ba ta sitak na daban ta hanyar IST a cikin TSS, haka ma kuskure mai ninki biyu. Masu karɓar katsewa na yau da kullum kuma su duba CS ɗin da aka ajiye: in daga zobe na 3 aka zo, swapgs wajen shiga da fita, in daga zobe na 0 ne, a bar shi. Swapgs biyu a jere suna mayar da kai GS na manhaja ba tare da wata ƙara ba.

Idan ka buɗe na Linux za ka ga ƙari da ba mu yi ba, kamar sauya CR3 da share rajistoci bayan ajiye su. Waɗannan sun shigo ne sanadin Meltdown da Spectre da aka bayyana a Janairun 2018. Bar su sai gaba.

Mataki na takwas: sauka zobe na 3, ka gwada

Saukar farko da iretq ake yi. Tura biyar a jere: 0x23, saman sitak ɗin manhaja, 0x202, 0x2B, sai adireshin farkonta. Tabbatar shafukanta suna da alamar mai amfani a dukkan matakai huɗu na teburin shafuka, ba a na ƙarshe kaɗai ba.

Tayar da shi haka:

```
qemu-system-x86_64 -cdrom kanel.iso -serial stdio -no-reboot -d int -s -S
```

`-no-reboot` yana hana injin sake tashi ya share maka shaida. `-d int` yana buga kowace katsewa tare da rajistoci, amma kada ka haɗa shi da KVM. A wata tagar buɗe gdb, `target remote :1234`, `hbreak kofar_kira`, `continue`. Karanta lambar farko da ta fito a rahoton, ba ta ƙarshe ba. Idan v=06 ce a kan syscall, ba ka kunna SCE ba. Idan v=0e ce, duba CR2 ka ga adireshin da aka taɓa. Idan v=0d ce jim kaɗan bayan komawa, koma kan jerin GDT. v=08 sakamako ne kawai, asalin yana samansa.

Gwajin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne. Rubuta kira wanda ba ya yin komai sai dawo da sifili. A manhaja, cika kowace rajista da lamba tata, 0x1111 a rbx, 0x2222 a rdx, haka har r15, ban da rax, rcx, r11 da rsp. Kira, kwatanta, maimaita sau miliyan, agogo yana bugawa, manhajoji biyu suna gudana tare, kowace da lambobinta daban. Sannan kunna DF da std ka sake. Sannan sa rsp ya zama sifili daf da syscall: ƙofar da aka rubuta daidai ba za ta ko lura ba, domin ba ta taɓa sitak ɗin manhaja.

Abokinmu mai gyaran waya ya tambaya ko wannan duka ya shafi wayoyin da ke zuwa teburinsa. Tsarin ɗaya ne, sunaye ne suka sauya: a ARM na bit 64 lambar kira tana x8, saƙonni a x0 zuwa x5, umarnin `svc #0`, write kuma 64 ne. Can firosesa tana da rajistar sitak daban don kanel, don haka rawar swapgs ba ta taso ba.

Ƙanin namu ya gyara sitak ɗinsa a wannan yammacin, kiran ya shiga, saƙon ya fito a allo, sai injin ya sake faɗuwa wajen komawa. Muka duba rahoton QEMU tare: CS ya nuna 0x1B a maimakon 0x2B, rip kuma an yanke masa rabin sama. Ya rubuta `sysret` ziryan, wanda ke komar da manhaja yanayin bit 32. A nasm `o64 sysret` ake rubutawa, a na GNU kuma `sysretq`. Ya ƙara baƙaƙen nan uku, ya sake haɗawa, manhajarsa ta buga saƙonta na biyu ana kiran magariba.